Gwaggo Ta Ƙi Juyawa

Rafiou ya damƙi sitiyarin da hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya murɗa da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Sitiyarin ya ɗan motsa, ya yi tsalle, sannan ya kafe kamar an zuba masa siminti. A ƙarƙashinsa famfon mai ya ci gaba da wani kuka mai shiga haƙori, irin na injin markaɗe da aka manta ba a zuba wa ruwa ba.

Wata ashariya ta taso masa har maƙogwaro, babba, mai rassa. Ya haɗiye abarsa. Ina zai sauke ta? A ƙofar gidan surukinsa katafilar take, tagar ɗakin surukarsa a buɗe, ga masallaci a gaba. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Haba, Gwaggo! Haba don girman Allah!"

Gwaggo ita ce katafilar. Marigayi babansa ne ya raɗa mata sunan, wai don ba a yi mata tsawa, sai lallashi. Tsohuwar loda ce mai cokali a gaba, irin wadda ke lanƙwashewa a tsakiya in za ta juya. Tun Rafiou bai zo duniya ba take loda yashi a tipa a bakin ruwan Avotrou. Da guminta aka yanka ragon sunansa, da guminta aka yi masa aure, kuma ban da ita ba shi da ko kaza. Da aikin yashi ya tsaya watannin baya, ya rasa inda zai ajiye ta, don gidan hayarsu na Houéyiho ko babur sai an karkata yake shiga. Surukinsa Alhaji Kassoum, dillalin dabbobi, shi ya ce a kawo ta ƙofar gidansa a Zongo. Da ƙafarta ta shigo lungun, lafiya lau, sitiyari kamar man shanu.

To, sai ga mutanen meri, wato ma'aikatan birni, sun bi lungunan Zongo da bokitin jan fenti, za a shimfiɗa dutse a hanya. Duk abin da ya tare lungu suka zana masa gicciye: tsohuwar mota, tebur, rumfa. Gwaggo ta sami nata a kan cokali, ƙato. Suka ce bayan la'asar ta yau motar ɗauka za ta zo, abin da ta tarar sai furiya, inda ake tara abin da aka kwashe. Rafiou ya san abin da ya kai shekarun Gwaggo in ya shiga can, ba mai sake ganinsa sai gunduwa-gunduwa a hannun 'yan gwangwan. Mai filin yashi ya riga ya ce ya dawo da ita, akwai tudun da zai ajiye ta. Abin da ya rage kawai ta fita daga lungun.

Ga inji ya tashi, ga giya tana shiga, ga cokali yana ɗagawa ko da yake yana rawa. Amma lungun a miƙe yake har bangon masallaci, daga nan ya karya kwana zuwa titi. Katafilar da ba ta juyawa kuwa, hanyarta ɗaya ce: cikin sahun farko.

Ya kashe injin ya diro. Ƙafarsa ta nutse cikin harawa da kashin tumaki. Tsaki ya ja. Tun da Babbar Sallah ta ƙarato Alhaji yake dawo da manyan ragunansa gida su kwana, don ba ya yarda ya bar su a kara saboda ɓarayi. Rafiou bai taɓa tarar da su ba, kullum sun tafi kasuwa kafin ya iso, sai dai ya tarar da abin da suka bari.

Ya hau ya buɗe tankin man haidirolik, ya leƙa. Man da ya zuba ɗazu garau, yanzu ya zama fari, ya yi kumfa kamar ruwan wanki. Ko makaho ya shafa ya san iska ce ta shiga mai. Amma ta ina? Tun da hantsi yake bin tiyo ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa, yana ƙara ɗaure duk goron ƙarfe, wato noti, da sifanarsa ta kai. Ya ciro matatar mai ya wanke ta da fetur. Ya duba silindodin nan biyu da ke lanƙwasa ta, ba wanda ke yoyo. Ya fitar da iska, sitiyari ya yi laushi har ya fara hamdala, kafin ya rufe baki kukan ya dawo.

"Mutumina, na faɗa maka obitirol ne!"

Yaƙubu ke nan, makaniken babura, mai rumfa a tsallaken lungu. Shi ma rumfarsa tana da nata gicciyen, amma bai dame shi ba, tun da katako huɗu ce da buhu. Yaƙubu bai taɓa buɗe abin da ya fi babur ɗin zem na 'yan acaɓa girma ba, amma da jirgin sama zai lalace a gabansa sai ya faɗi abin da ke damunsa.

"Obitirol ba ya kawo kumfa," in ji Rafiou.

"Wa ya ce? Akwai wani ɗan Parakou, tasa haka ta yi. Kumfa har waje! Da aka buɗe, roba ce ta mutu a ciki."

"Wane ɗan Parakou?"

"Ba ka san shi ba. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Yaƙubu, don Allah ka koma wurin baburanka."

"Ni dai na faɗa. In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba."

Obitirol ɗin da ake ta kira wani ƙarfe ne kamar gwangwanin tumatir babba, a gindin sitiyari, shi ke raba mai hagu da dama. Babansa ya sha ce masa kada ya kuskura ya buɗe shi sai a ɗaki mai tsabta, bisa farin ƙyalle, da alwala in da hali. Rafiou ya dubi rana, ta wuce tsaka. Ya dubi jan gicciyen. Ya sake zagaya Gwaggo yana leƙen ƙarƙashinta ko zai ga ɗigon mai, amma wa zai ga ɗigo a cikin harawa da fitsarin raguna? Da aka idar da azahar bai da sauran dabara. Ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashin sitiyarin, yana jin haushin kansa tun kafin ya kwance goron farko.

Yana cikin haka matarsa Kaoutar ta fito daga gidan da kwano a kan tire. Ta zo taya mahaifiyarta aikin sallah ne tun da safe.

"Baban Ilham, Inna ta ce ga abinci."

"Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da me? Da hayaƙi?"

"Ke, a ƙofar gidan nan zan zauna in buɗe baki ina tauna? Ki ce mata na gode, Allah ya saka."

"Shekara nawa da auren, har yau kana abu kamar sabon ango! Baba ma ba ya nan."

"Bangon gidansa yana nan. Mayar da kwanon, ki bar mini tiren."

"Tiren Inna? Na Makka?"

"Shi. Wanko shi ma, ki goge."

Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta ga idonsa, ta fasa. Haka aka shimfiɗa hanjin obitirol a kan tiren da aka zo da shi daga Makka, bisa hoton dabino. Zobba, robobi, 'yan siraran ƙarafa masu lanƙwasa, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai wuce ƙwayar gujiya ba. Rafiou ya ɗaga kowanne ya duba a rana. Ya juya, ya shafa, ya sake dubawa. Lafiya lau. Ko ƙwarzane babu. Abin da aka haɗa tun zamanin babansa yana nan sumul, shi ne ya zo ya tone shi a banza.

"To, ba shi ba ne ke nan," in ji Yaƙubu daga bayansa, ko kunya. "Ai gara da aka duba. Yanzu sai famfo."

Rafiou ya ɗago kai a hankali. Allah kaɗai ya san abin da zai faɗa, da ba don kukan raguna ya cika lungun ba.

Hadari ne ya haɗo daga wajen teku, shi ya koro Alhaji Kassoum daga kasuwa da wuri. Dogon tsoho ne siriri, ɗan arewa, da rawani da sanda a kafaɗa, yana tafe ragunansa na biye kamar ya haife su. A gaba akwai wani farin balami, ƙato, wanda tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Rafiou ya yi maza ya tuɓe takalma, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Sannu da dawowa, Baba."

"Yawwa, mai katafila. Sannu da aiki. Ta ƙi?"

"Tana dai taɓa rigima, Baba."

"Allah ya kawo sauƙi. Ni dai na ce baki ne. Tun da aka shafa mata jan abin nan kowa ya wuce sai ya tanka."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya jingine sandarsa. Ya kwance wata doguwar igiya shuɗiya daga kafaɗa, ta leda, irin ta masunta. Ya nufi bayan Gwaggo, ya tsuguna kusa da matakala, ya zura hannu can ƙarƙashin tanki ba tare da ya duba ba, kamar mai laluben aljihunsa. Ya zagaya igiyar, ya ƙulla, ya ɗaura balamin. Ya ɗaura na biyu a jikin igiyar, da na uku. Balamin ya hango harawa a gefe, ya fizga.

Rafiou na durƙushe, don haka ya ga abin da mai tsayuwa ba zai gani ba. Ya ga baƙin tiyon nan mai kauri, wanda ke zuƙo mai daga tanki zuwa famfo, ya miƙe ya biyo ragon. Ya ga bakinsa ya ɗan zame daga mazauninsa, sannan ya koma da ragon ya saki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa! Tiyon zuƙa ba ya zubar da mai a gani, iska yake sha. Ya shafa shi da safe, amma ta ƙasa. Saman, inda ya jingina da ƙarfe, can igiya take zama. Kowane dare raguna suna ja, leda tana ci, har ta yi masa hanya. Shi kuwa ya yini yana zufa, ya ƙona mai, ya wanke matata, ya farke obitirol a kan tiren Makka.

"Wurin nan yana da daɗin ɗauri," in ji Alhaji yana miƙewa, yana kaɗe hannu. "Duk jikinta kaifi ne, yana cinye mini igiya. Wannan kuwa da laushi."

"Haka ne, Baba," in ji Rafiou. Muryarsa ta fito siririya.

Tsohon ya shiga gida yin alwala. Rafiou ya tashi ya zagaya bayan cokali, ya cusa hularsa a baki ya ciza. Nan Kaoutar ta same shi.

"Lafiya? Ciwon haƙori?"

Ya ja ta gefe, ya nuna mata da haɓa. Da raɗa ya yi bayani, amma raɗar mai zafi ce, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta leƙa, ta ga igiya, ta ga tiyo. Sai ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suka fara rawa.

"Dariya kike yi? Dariya?"

"Yi haƙuri, wallahi ba da gangan ba. To ka faɗa masa mana ya kwance."

"In ce masa me? Baba, kai ne ka kashe mini katafila? Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya ba ni ƙofar gidansa?"

"To ni in faɗa."

"Kul! In kin faɗa, ai ni na faɗa. Ya ji kunya a gabana, da wane ido zan sake gaishe shi?"

"To ka kwance ragunan da kanka."

"In kwance ɗaurin da ya yi da hannunsa, ya fito ya gani? Ke kin san babanki da ragunansa."

"Oho. Sai ku zauna, kai da kunyarka, mutanen meri su zo su kwashe ku har da ragunan."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta ƙara masa haushi. Ya juya a fusace zai koma kan tiren, gwiwarsa ta bugi gefensa. Tiren bai kife ba, Allah ya tsare. Amma ɗan ƙwallon ƙarfen nan ya gangara, ya yi tsalle ɗaya, ya faɗa cikin harawa, a tsakiyar kashin tumaki dubu, kowanne girmansa ɗaya da shi, kuma duk mai ya baƙanta su.

Rafiou ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai. A karo na farko tun safe ya ji tsoro ya rufe haushin. Ba wannan ƙwallon, obitirol bai haɗuwa. Ya tuna babansa a kan kujerar can, da tawul a wuya, yana shafa sitiyari yana cewa a hankali, Gwaggo, a hankali. Yau ga shi za a yanka ta da wuta, a hannunsa, saboda rago.

Kaoutar ta daina dariya. Ta shiga gida ta fito da babban baho da tsintsiya. Ta share wurin kaf, harawa da kashi da yashi, ta zuba a baho, ta tuttula ruwa. Sai ta sa hannu tana juyawa, tana tsiyayewa, kamar mai regayar shinkafa. Duk abin da ya fito daga cikin rago ya taso sama, ta zubar. Ta sake, ta sake. A ƙasan bahon, cikin ɗan yashi, abu ya ce ƙyal.

"Ungo," ta ce. "Kuma sabulun wanke hannun nan kai za ka saya, mai ƙamshi."

Aka kira la'asar. Bayan an idar Rafiou ya fito da sauri, ya tarar Alhaji ya riga shi, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida da carbi. Ba sauran lokacin jira. Rafiou ya kwanta rigingine, ya ja jiki ƙarƙashin Gwaggo ta ɗaya gefen, har ya kai wurin tiyon. Bai taɓa igiyar ba. Ya dai zura yatsa ta sama, kusa da ƙullin, ya ji ramin da leda ta ci, har yatsansa ya shige. Ya ciro yatsan jiƙe da mai. Ya daɗe yana kallonsa. Balamin ya sunkuyo yana shinshina masa kunne.

Da ya waiga, sai ya ga ƙafafun Alhaji a tsaye kusa da taya. Tsohon ya sunkuya a hankali, hannu a gwiwa. Ya dubi yatsan. Ya dubi igiyar, ya bi ta da ido har inda ta zagaye tiyon. Mutumin da ke duban haƙorin bijimi sau ɗaya ya faɗi shekarunsa ba ya bukatar a yi masa bayani. Carbin hannunsa ya tsaya.

Rafiou ya kawar da kai, ya shiga duban wani goro da ba abin da ya same shi.

Can Alhaji ya yi gyaran murya.

"Dabbobin nan sun gaji da wuri ɗaya," ya ce, kamar da iska yake magana. "Bari in kai su su sha iska."

Ya kwance ƙullin da kansa. Ya ɗauki buhun dusa da tabarma, ya kira Yaƙubu ya riƙe masa buta, ya kora ragunan zuwa bakin lungu.

Rafiou bai tsaya kallo ba. Ya toshe bakin tanki da tsumma, ya zare tiyon, ya yanke inda ya ci da wuƙar Kaoutar ta yankan albasa. Abin da ya rage da ƙyar ya kai, sai da ya ja shi yana nishi. Ya naɗe da robar tayar babur, ya matse da sabon zobe, ya ƙara da waya don kada a ce bai yi ba. Sannan ya koma kan tiren yana mayar da hanjin obitirol ɗaya bayan ɗaya, yana bismillah a kan kowanne, don shi kansa bai tabbata wanne ya riga wanne ba.

Yana cikin ɗaure goro ya ji ƙarar babbar mota a titi, da hon.

"Sun zo," in ji Kaoutar. Ta hau kan matakala tana leƙe. "Wayyo, mota ce mai ƙugiya! Amma tsaya... Baba ya baje dusa a bakin lungun daga bango zuwa bango. Ragunan sun cika hanya. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a tsakiya."

"Me yake yi?"

"Gaisuwa."

Gaisuwa kuwa ake yi. Shugaban ma'aikatan, wani mai rigar lemo da takarda a hannu, ya sauko da Faransancinsa yana nuna agogo. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu bai saki ba. Duk Zongo ta san Alhaji yana ciniki da Faransanci har da yaren Fon in ta kama, amma yau ko bonjur ya manta. Sai da tafinta. Tafintan kuwa Yaƙubu ne, wanda tun da aka haife shi yake jiran irin wannan rana.

Alhaji ya ce, "Tambaye shi ya gida. Ya iyali? Ya yara? Ya mai ɗakinsa? Tambaye shi mahaifinsa na da rai? Allah sarki, Allah ya jiƙansa. Wace shekara? Ya gajiya? Ya ruwan jiya, bai shiga musu ɗaki ba?"

Yaƙubu yana juyawa, yana ƙara nasa, har da labarin ɗan Parakou. Mai rigar lemo ya amsa na farko da na biyu da fara'a, don shi ma ɗan mutane ne, ba ya fizge hannu daga na tsoho mai furfura. A na goma ya fara duban sama. Direban motar ya danna hon, balamin ya ɗago kai ya dube shi, ya ci gaba da cin dusarsa.

Rafiou ya zuba sauran man da ke jarka. Ya hau, ya yi addu'ar da ya iya, ya tayar. Famfon ya yi kukan nan, zuciyarsa ta faɗi. Ya danna cokali ƙasa har ƙafafun gaba suka ɗaga, ya fara juya sitiyari a hankali, hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, yadda babansa ke yi. Sitiyarin ya yi tsalle. Ya yi tauri. Ya saki. Kukan ya fara sauka, ya koma gunaguni, ya koma shiru.

"Leƙa tankin!" ya ce da Kaoutar da ƙarfi.

"Kumfar tana kwanciya! Wallahi tana kwanciya!"

Ya sa yatsa biyu ya murɗa. Gwaggo ta lanƙwasa ƙugu hagu, ta lanƙwasa dama, a natse, kamar ba ita ba.

"Munafuka," ya ce da ita a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya goge da gefen hula kafin matarsa ta gani.

Yayyafi ya fara sauka lokacin da ta taho. Ta nufi bangon masallaci gadan-gadan, har ladan ya fito da takalmi a hannu, sannan ta karya kwanar sumul, ko fentin bango ba ta taɓa ba. Alhaji na jin ƙararta ya saki hannun mai rigar lemo, ya ce masa cikin Faransanci garau ya gode da haƙuri, Allah ya yi albarka. Ya yi wa ragunan fito sau ɗaya, suka tattaru a gefe. Mai rigar lemo ya dubi tsohon, ya dubi katafilar da jan gicciyenta tana fitowa da ƙafarta, ya girgiza kai yana murmushi, ya ce da direbansa ya ja baya a ba ta hanya.

A bakin titi Rafiou ya tsaya. Ba ya wuce surukinsa yana bisa kujera. Ya diro, ya tuɓe takalma a cikin ruwan, ya durƙusa.

"Baba, zan kai ta Avotrou. Na gode da wuri. Allah ya ƙara girma."

"Madalla. Ta warke ke nan."

"Ta warke, Baba."

"Me ya same ta?"

Yaƙubu ya buɗe baki, Kaoutar da ta biyo su ta taka masa ƙafa. Rafiou ya dubi ƙasa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Tsufa ne kawai, Baba."

Alhaji ya dubi katafilar. Ruwa na ɗiga daga gefen rawaninsa. Sai ya sunkuya ya kwance shuɗiyar igiyar daga wuyan balamin, ya bar ragon sake a bakin titi, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya naɗe ta a gwiwar hannu, tsaf, ya miƙa.

"Tafi da wannan, ka jefar a ruwa can. Igiyar zamani ce, ba ta da kirki. Cin abu take yi."

Rafiou ya karɓa da hannu biyu.

"Gaskiya ne, Baba. Igiyar nan ba ta da kirki."

Bai jefar ba. Ya rataye ta a jikin madubin da ya daɗe da fashewa, ya sa giya. Har ya wuce kasuwar Dantokpa ya hau gada tana lilo a gefensa, ruwa na dukanta.